Sharhi kan oyil kula ta asali da na mayar wa tsohuwar BMW 325i

Motar da nake magana a kanta BMW 325i ce ƙirar 1988, mai ƙofa biyu, daga jerin da ake kira E30, mai injin M20 na lita 2.5 da fulogi shida. Lokacin da ta zo hannuna babu na'urar sanyaya baƙin mai ta asali a jikinta, wadda kanikawa ke kira oyil kula, domin wani da ya riƙe ta kafin ni ya cire ta kamfani ya ɗaura wata ƙyalƙyal-banza ta kasuwa da tiyo na roba da kilif. Wata rana tiyon ya zame ana cikin tafiya, jar fitilar mai ta kama, kuma Allah ne kawai ya sa na kashe injin kafin ya buga. Wannan ne ya kai ni Panteka a Kaduna neman ta asali 'yar Beljiyam, tare da tiyoyinta biyu da mazaunin filta da take haɗuwa da shi. Kuɗin da na biya duk mai shiga wannan layi ya san kwatankwacinsa, kuma ba zan ce ya yi mini daɗi ba.

Bakanikena ya ɗaura ta a gurbinta, ƙasa da lagireto, a bayan bamban gaba, komai ya zauna daram ba tare da an huda ko an lanƙwasa wani ƙarfe ba. Washegari na zagaya gari na kusan rabin sa'a, allurar zafin ruwa ta hau tsakiya inda ta saba tsayawa, na tsaya na zura hannu ta ƙasan bamba na taɓa kular, sai na ji ta sanyi ƙalau kamar randa. Na sake gwadawa kwana uku a jere, safe da yamma, amsar ɗaya ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na riga na yanke hukunci cewa an sayar mini da toshasshiya, kuma wannan mota ba ta da gejin zafin mai da zai ƙaryata ni, tunda a M3, samfurin tsere na wannan jeri, aka sa shi a wurin da tawa ke nuna shan fetur. Na koma shagon na faɗa wa mai kayan maganganun da har yanzu nake jin nauyin wasu daga cikinsu, shi kuwa ya rantse cewa daga jikin mota mai tafiya aka kwance ta, ya kuma ƙi karɓar kayansa.

Daga can na wuce gareji da niyyar a cire ta a jefar. Bakaniken, dattijo ne da ya daɗe yana taɓa motocin Jamus, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, ba ta mutu ba, lokacin aikinta ne bai yi ba. Ka hau babban titi da ita tukuna." Ya nuna mini cewa a cikin mazaunin filta akwai tamostat na mai, daban da na ruwa, mai ɗan ƙoƙon kakin da ke kumbura idan ya ji zafi, kuma sai man ya kai wajen digiri 90 ko sama da haka kaɗan yake tura shi zuwa kular. Kafin nan man yana zagayawa ne a cikin inji kawai domin ya yi saurin ɗumi, saboda mai mai sanyi kauri gare shi, ba ya ratsa ƙananan hanyoyi da wuri, kuma ba ya ƙone damshin da ke taruwa a cikinsa. Na ce masa ai a ƙasar nan cire tamostat ake yi, ya ce shi ya sa injuna ke tsufa ba su kai shekarunsu ba.

Ban gamsu ba sai da tafiyar Kano ta kama ni a watan Afrilu, da tsakar rana, lokacin da kwalta ke tururi. Na wuce Jaji da Zariya ban saurara mata ba, sai a Kwanar Dangora na tsaya, na durƙusa a gaban mota mutane suna kallona, na kai hannu. Ban san lokacin da na fizge shi ba, domin yatsuna biyu sun tashi, kuma ban taɓa jin daɗin ƙuna irin wannan ba. Tiyon da ke kai mai ya fi wanda ke dawo da shi zafi yadda hannu ma zai iya bambancewa, alamar cewa iska tana kwashe abin da aka sa ta kwashe. Da na isa Kano na bar injin yana aiki a tsaye, jar fitilar ba ta ko ƙifta ba, alhali a da bayan doguwar tafiya man kan tsinke kamar ruwa har ta riƙa walƙiya. A ranar na yarda cewa waɗanda suka tsara wannan abu sun san abin da suke yi. Na kuma fi son wannan tsari na iska a kan irin na Golf GTI ta biyu, inda ruwan lagireto ne ke sanyaya man a wani ɗan akwati da ke saman filta, domin a nan babu hanyar da mai da ruwa za su gauraya ta cikin kula komai tsufanta.

Sai dai niyyar da na yi ta komawa in ba mai shagon haƙuri ba ta kai mako biyu ba. Na fara ganin ɗigon mai a inda nake ajiye motar, aka duba aka tarar zoben robar da ke tsakanin mazaunin filta da jikin inji ya bushe ya zama kamar ƙashi, ga shi wurin yana gefen da bututun hayaƙi ke fitowa, sai an jira inji ya huce kafin hannu ya shiga. Zobe tsufa ne, kowa ya san roba mai shekara talatin da ɗoriya ba ta da sauran rai, amma mai kayan ya ce mini da bakinsa an canza shi. Da aka sake kwancewa kuma sai aka ga ɗaya tiyon yana da tsaga a kusa da bakin ƙarfensa, an shafe ta da baƙin fenti yadda ido ba zai kama ba. Wannan ba kuskure ba ne, ha'inci ne, kuma ya ci mini sabon tiyo da juyen mai na biyu a cikin wata guda, lita huɗu da kwata ban da ɗan abin da kular ke riƙewa. Da na san haka, da na sa an wanke cikinta an kuma gwada ta da iska kafin a ɗaura, tunda ba a zubar da man da ke cikinta a juyen yau da kullum, kuma duk dattin tsohuwar motar a nan yake kwance.

Kular ba ta da fanka tata, iskar gudu take dogaro da ita, saboda haka a cunkoson Kawo ba na sa ran ta yi wani abin kirki. Zamanta a ƙasa kuma ya dace da titunan da aka ƙera motar dominsu, a nan kuwa kowane tudun rage gudu sai na karkace na haye shi a hankali gabana yana faɗuwa, har sai da na sa aka yanka mini farantin ƙarfe mai huji-huji aka kare ta daga duwatsu. Kayan kamfanin na ba shi yabo ba tare da ragi ba, kuma duk mai irin wannan mota da aka ba shawarar ya cire kular, ina roƙonsa kada ya yarda. Shagon kuwa na bi ta gabansa sau biyu tun daga lokacin, mai shi ya ɗaga mini hannu, na amsa daga cikin mota ban tsaya ba.