Wata Shida da OpenWrt a Kan Rautar Gida da ta Shago

Shagon da nake buga takardu da ɗaukar hoton takarda yana bakin titi, gidan da nake zaune kuma yana bayansa, tsakar gida ce kawai ta raba su. Intanet a shago take shigowa, don haka na sayi rauta ta biyu, wato na'urar da ke rarraba intanet ta Wi-Fi, domin ta kai mini ita cikin gida ba tare da na ja waya ta bi ta kan katanga ba. A kan wannan rautar na ɗora OpenWrt, manhajar kyauta da aka gina a kan Linux, wadda ta samo asali a 2004 daga rautar Linksys WRT54G. Bayan wata shida ina aiki da ita, abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda ta raba abubuwa biyu da a da nake ɗauka abu ɗaya ne.

A shafin saitinta mai suna LuCI, wanda ake shiga ta adireshin 192.168.1.1, an tambayi yanayin aiki a wuri biyu. Na sama yana magana ne a kan rediyon kansa, wato wane ƙarni na Wi-Fi zai yi amfani da shi: tsohon tsari irin 802.11g na 2003 da bai wuce megabit 54 ba, ko N na 2009, ko AC, ko AX. Na ƙasa kuwa matsayin na'urar yake tambaya, ko mai masauki ce da wayoyi ke zuwa wurinta, ko baƙuwa ce da ke neman masauki a wurin wata. A fayil ɗin /etc/config/wireless ana rubuta matsayin mai masauki ap, na baƙuwa sta. Da na gane cewa saurin rediyo daban, matsayin na'ura daban, sai sauran aikin ya zo mini da sauƙi.

Na fara mayar da rautar gida baƙuwa. Intanet ba ta zo nan take ba, domin duka rautocin biyu suna amfani da 192.168.1.1, sai da na sauya ta gida zuwa 192.168.2.1. Daga nan komai ya tafi daidai, in ban da cewa kwamfutar shago ba ta ganin firintar da na ajiye a gida. Dalilin yana cikin tsarin Wi-Fi ne tun asali: saƙon da baƙuwa ke aikawa adireshi uku yake ɗauka, babu gurbin da za ta sanar da cewa akwai wasu na'urori a bayanta, saboda haka dole ta ɓoye su duka a ƙarƙashin sunanta. Maganin shi ne WDS, wanda ke ƙara adireshi na huɗu. Sai dai yana bukatar ɓangarorin biyu su fahimci juna, shi ya sa na ɗora OpenWrt a rautar shago ma, na sa ta zama mai masauki mai WDS, ta gida kuma baƙuwa mai WDS. A ranar firinta ta bayyana kamar a shagon take.

Darasi na biyu ɗaukewar wuta ce ta koya mini. Na sa rediyo ɗaya yana aiki biyu, yana karɓa daga shago yana kuma rarraba wa wayoyin iyali, kuma duk lokacin da rautar shago ta mutu sai sunan Wi-Fi na gida ya ɓace, alhali rautar gida tana kan batir. Rediyo ɗaya tasha ɗaya yake iya tsayawa, idan ya tafi neman mai masaukinsa ba ya iya karɓar baƙi. Ko da akwai wuta ma, saurin yana raguwa kusan rabi, tunda kowane saƙo sau biyu yake bi ta iska. Na raba aikin tsakanin rediyo biyu na rautar gida: rediyon 5 GHz ya riƙe haɗin shago da gida, na 2.4 GHz ya zama mai masauki kaɗai, a yanayin N, faɗin 20 MHz, tasha ta 6, domin 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, kuma tsofaffin wayoyin gidan 2.4 kawai suke gani.

Akwai wasu matsayi a jerin, kamar 802.11s na haɗa rautoci da yawa su zama raga guda, da na sauraron zirga-zirgar iska, amma ban taɓa su ba domin ba ni da bukatarsu. Ina ba mai shago ko ƙaramar makaranta shawarar ya gwada wannan manhaja idan yana da haƙurin karatu, da sharaɗin ya fara duba ko rautarsa tana cikin jerin waɗanda manhajar ke karɓa, ya kuma tanadi wayar haɗi a ranar farko, domin Wi-Fi a kashe yake zuwa bayan an ɗora ta.