Mofa mai tururi a gidan da ke da karnuka: mai sanda ko mai tukunya?

Hajiya, tsakanin mofar tururi ta tsaye wadda ake riƙewa kamar sanda da injin tururi mai tukunya da mesa wanda ake ja a ƙasa, waɗanda kika ce kina wasiwasi a kansu saboda karnukanki biyu da tayil ɗin gidanki, shawarata ita ce ki sayi mai tukunyar. Duka biyun sun zauna a gidana, ɗaya bayan ɗaya, kuma da na samu wanda ya faɗa mini wannan maganar tun farko, da kuɗin ta farkon bai fita daga hannuna ba.

Mai sandar na fara saya, saboda arha da kuma yadda mai shagon ya yi ta kururuta ta. Ba zan tauye mata haƙƙi ba, ba ta da nauyi, tana yin zafi cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma tana goge sawun laka daga kan tayil mai santsi. Amfaninta a wurina bai wuce nan ba. Tankinta bai kai rabin lita ba, kafin a gama falo da baranda sai an sake cika shi, kuma bayan wata bakwai ta daina fitar da tururi, har yanzu tana jingine a sito.

Abin da ya sa na koma ga mai tukunya kuwa kaska ce. Muna da karnuka biyu na gadi a gidanmu da ke Kaduna, babban alseshan da wata karya ta gida, suna kwana a baranda, amma idan ruwan sama ya yi ƙarfi mukan buɗe musu lungun da ya bi ta bayan kicin su fake. A ƙarshen wata damina na fito da asuba, na haska fitila a bangon lungun, sai na ga ƙananan kaska jajaye-jajaye suna hawa bango a jere, wasu kuma sun cushe a tsagar da ke tsakanin tayil ɗin ƙasa da na gindin bango. Likitan dabbobin da ya duba karnukan ya bayyana mini cewa wannan irin kaskar ta kare ta bambanta da sauran, domin tana iya yin rayuwarta gaba ɗaya a cikin gini: ta sha jini, ta sauka daga jikin kare, ta shige tsaga ta zuba ƙwai dubbai, ’ya’yan su ƙyanƙyashe su sake hawa karen. Ya ba karnukan magani, amma ya ce muddin ba a bi tsagogin ba, za mu yi ta maganin kare ne kawai alhali gidan na ci gaba da haifar da sababbi.

Faffaɗan kan mofa mai sanda ba ya shiga irin wannan tsagar ko da an danna shi da ƙarfi, kuma tururinta a baje yake fita ta cikin ƙyalle, ba shi da ƙarfin kutsawa. Ƙanena ne ya kawo mini aron injinsa, Kärcher SC 3, na kamfanin nan na Jamus. Na cire kan goge ƙasa, na sa siririn bakin da ke harba tururi wuri ɗaya, na durƙusa na bi gindin bangon a hankali taƙi bayan taƙi. Abin da na gani a ranar ba zan manta da shi ba: baƙin datti na shekaru yana narkewa yana gangarowa daga layin simintin da ke tsakanin tayil, tare da matattun kaska da gashin kare da ya dunƙule, ni kuma ina bi da tsumma ina kwashewa. Layukan da na ɗauka tun asali baƙaƙe ne sai ga su sun koma ruwan toka mai haske kamar ranar da aka gama ginin. Na riƙa maimaita aikin kowane kwana uku har tsawon wata guda, tare da maganin likita a jikin karnukan, kuma daga nan ban sake ganin kaska a bangon ba. A makon da na mayar wa ƙanena nasa na sayi nawa, yau shekara uku ke nan yana aiki.

Bambancin na’urorin biyu a ginin su yake. Mai sanda, ko ta Shark ce ko Bissell ko Vileda, galibi an yi ta ne domin shimfiɗaɗɗen wuri, ruwa na ɗiga kan ƙarfe mai zafi ya zama tururi ya jiƙa ƙyallen da ke ƙasa, zafi da gogar ƙyallen su ɗauke datti. Mai tukunya kuwa yana turo tururin da matsi ta cikin mesa, shi ya sa ake iya sauya masa baki: faffaɗan kai domin ƙasa, ƙaramin buroshi domin layin tayil, siririn baki domin tsaga da kusurwa. Nawa yana ɗaukar ruwa lita 1, yana shirya tururi cikin kimanin daƙiƙa 30, kuma ana iya ƙara masa ruwa ana cikin aiki ba sai an jira ya huce ba. Wannan na ƙarshen ki duba shi da kyau a shago, domin akwai masu tukunyar da sai an kashe su, an jira matsin ya sauka, kafin a buɗe murfin, kuma irinsu kan ɗauki mintuna kafin su sake yin zafi. A gidan da ke da karnuka, dattin da ya fi damun mutum ba a tsakiyar falo yake taruwa ba, yana gindin bango ne, da ƙarƙashin ƙofa, da kewayen kwanon abinci, da kejin kwana, da inda kare ya saba jingina jikinsa har maiƙon gashinsa ya bar tabo a bango. Duk waɗannan wuraren da mesa ake kai musu.

Gaskiya ne mai tukunya ya fi mai sanda tsada nesa ba kusa ba, kuma jan sa daga ɗaki zuwa ɗaki ya fi ɗaukar sanda wahala. Wayar nawa ma mita 4 ce, saboda haka sai an tanadi wayar ƙari mai kauri.

Batun wuta shi ne abin da ya kamata ki lissafa kafin kuɗi su bar hannunki. Nawa yana jan wat 1,900, masu sanda kuma galibi suna tsakanin wat 1,200 da 1,600, wato kowannensu ya kai dutsen guga ko ya fi shi cin wuta. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma idan sola kike amfani da ita, ki tambayi wanda ya haɗa miki ita ko inbatarki na iya ɗaukar wannan nauyin tare da firji. Ni dai na mayar da aikin zuwa lokacin da aka kawo wuta, kuma na lura cewa idan wutar ta zo da rauni tururin ma da rauni yake fita.

Akwai kuma abubuwan da babu wadda za ta yi miki su a cikin biyun, kuma gara ki san su tun yanzu. Tururi ba ya kwashe gashi. Alseshan na da gashi hawa biyu kuma yana zubar da shi sosai, idan aka sa tururi a kan ƙasar da ba a share ba, gashin zai jiƙe ya nannaɗe a ƙyalle, a riƙa jan sa daga kusurwa zuwa kusurwa. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin ƙurar da ta kwanta kan tayil takan zama siririyar laka da zarar danshi ya taɓa ta. Saboda haka shara ce farko, ko injin zuƙe ƙura idan akwai, sannan tururi. Ki kuma sayi ƙyallaye aƙalla huɗu, ki sauya da zarar ɗaya ya yi baƙi, ki wanke su daban da kayan sawa.

Fitsari ma kada ki sa masa tururi kai tsaye. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya lokacin da karyar take ƙarama, zafin ya tayar da zarnin ya cika lungun, kuma layin simintin ya riƙe warin kwanaki. A fara tsane shi da tsumma ko takarda, a wanke wurin da ruwa da sabulu, ya bushe, sannan a bi da tururi. Idan kuma, Allah ya kiyaye, ɗan kwikwiyo ya kamu da cutar amai da gudawar jini da likitoci ke kira parvo, kada ki dogara da tururi ko kaɗan, domin ƙwayar wannan cutar na iya yin watanni a raye a ƙasa, kuma wucewar mofa ta daƙiƙa biyu ba ta isa ta kashe ta ba. Abin da likitocin dabbobi ke ba da shawara shi ne bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a bar shi ya jiƙa wurin minti 10 bayan an riga an wanke ƙazantar, sannan a ɗauraye. Kada a zuba bilic a kan fitsarin da ba a goge ba, domin haɗuwarsu na fitar da iska mai cutar da ƙirji. Ta fuskar tsarki kuwa, ni ban ɗauki tururi a matsayin madadin wanki da ruwa ba, kuma ɗakin da muke salla karnukan ba sa shigarsa sam.

Inda tururin ya fi burge ni shi ne ba ya barin komai a ƙasa sai danshin da ke bushewa cikin ɗan lokaci. Kare na taka ƙasa ya lashi tafinsa, yana kwanciya da cikinsa a kan tayil, saboda haka duk maganin goge ƙasa mai ƙarfin wari da aka bari a wurin, wani abu daga cikinsa zai kai bakinsa. Tun da na koma tururi na rage amfani da irin waɗannan magungunan ƙwarai. Sai dai a fitar da karnukan waje lokacin aiki, domin ƙarar fitar tururin na tunzura su su kai wa bakin mesar cizo, kuma tururin da ya fito daga tafasasshen ruwa yana ƙona hanci da tafi nan take.

Kin ce tayil ne a gidan, to babu damuwa, haka ma tarazo. Amma idan akwai ɗakin da aka shimfiɗa ledar ƙasa ko katakon nan na zamani da ake jerawa, kada tururi ya shiga can, domin yana sakin gam ɗin leda ta kumbura, katakon kuma ya sha danshi ta gaɓoɓinsa ya tashi. Tayil ɗin da ya tsage ko yake ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa shi, a gyara shi tukuna.

Ruwan da ake zubawa shi ne ke ƙayyade tsawon ran na’urar. Ki leƙa gindin butar lantarkinki, idan kin ga farin ɓawo ya daskare a ciki, to irin sa ne zai toshe siraran hanyoyin tururin, kuma ina kyautata zaton ruwan rijiyar burtsatsenmu ne ya ƙarasa mofata ta farko. Nawa na yanzu yana da wani ƙaramin mataci a cikin tanki da ke rage wannan gishirin, ana sauya shi lokaci zuwa lokaci, don haka ki tambayi mai shagon ko yana sayar da shi kafin ki biya. Kada a zuba sabulu ko turare ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a tankin, ruwa zalla kawai.

Ba ki tambaye ni game da masu sayarwa ba, amma ba zan yi shiru ba, domin a nan ne mutane suka fi yin asara. Yawancin na hannun da ake shigowa da su daga Amurka an yi su ne domin wutar can mai ƙarfin volt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Marar tsoron Allah zai yanke fulogin Amurka mai siraran ƙafafu, ya ɗaura irin namu mai ƙafa uku, ya ce miki ai an riga an juya ta. Sauya fulogi ba ya sauya komai a cikin na’urar, ranar da kika jona ta za ta ƙone, wani lokaci har da hayaƙi. Ki juya ta da hannunki ki karanta ɗan allon bayanin da ke manne a jikinta, idan ba ki ga 220 zuwa 240 ba, ki ajiye ta. Idan an kankare allon ko an liƙa wata takarda a kansa, shi ma ki ajiye. Wani zai ce ki haɗa da taransifoma mai rage wuta, amma wadda za ta ɗauki wat 1,500 babba ce mai nauyi, kuɗinta kuma zai cinye rangwamen da kika samu.

Akwai kuma masu kwaikwayon launi da siffar sanannun kamfanoni su canza harafi ɗaya a sunan, da masu tallar intanet da ke nuna bidiyon wata na’ura su aiko da wata daban bayan an tura musu kuɗi. Kada ki biya kafin kaya su iso hannunki. Ki je shagon da ke ba da rasit da takardar garanti, ki ƙirga bakunan da ke cikin kwalin ki gwada su da hoton da ke jikinsa, domin siririn bakin da ƙaramin buroshin su ne aka fi zarewa a sayar daban, alhali su ne dalilin sayen injin. Sannan ki sa a zuba ruwa a jona shi a gabanki, ki riƙe maɓallin minti biyu cur ki ga ko tururin na fita a jere ba yankewa, ko kuwa ruwan zafi yake tofarwa. Idan mai shagon ya ce ba a gwadawa sai an biya, ki wuce shago na gaba.