Kafin ka cire tsohon intakom ɗin ofis

Akwatin intakom ɗin ofishinmu ya haura shekara goma a jikin bango kafin ya fara yanke kira, kuma duk mai gyaran da ya zo sai ya ce kayansa sun yi wuya a kasuwa. Dole ta sa muka koma wayar intanet, wadda ake kira VoIP, da manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta ya kuma duba yadda aka rubuta ta.

Ni FreePBX, manhajar sarrafa wayoyin ofis, nake ba mutane shawara. Injin da ke ƙarƙashinta shi ne Asterisk, wanda Mark Spencer ya fara rubutawa a Amurka a 1999, kuma kamfanin Sangoma na Kanada ke riƙe da su biyun tun da ya sayi Digium, kamfanin Mark Spencer, a 2018. Abin da ya ja ni gare ta sauƙi ne. Ta burauza ake sarrafa komai: sabon ma'aikaci ya zo, kafin ya gama shan shayi an ba shi lamba. Tsohuwar kwamfuta mai lafiya ta ishi ofis mai mutum ashirin. Masu amfani da ita suna da yawa, don haka da wuya ka faɗa matsalar da wani bai riga ya warware ba. Wasu ƙare-ƙarenta na kuɗi ne, amma mu ba mu taɓa buƙatar su ba.

Akwai wasu manhajojin irinta. Issabel ta fito ne daga wata manhaja mai suna Elastix bayan kamfanin 3CX ya sayi Elastix ɗin a 2016, tana aiki, sai dai masu taimako ba su kai ba. FreeSWITCH yana da ƙarfi amma sai da ƙwararre a kusa. Kamailio na kamfanonin sadarwa ne. Manhajar 3CX kuwa ba buɗaɗɗiya ba ce da kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta, kada wani ya ruɗe ka.

Inda na ƙone shi ne tsaro. Wanda ya haɗa mana ya bar ƙofar 5060, wato hanyar da kira ke bi ya shiga kwamfutar daga intanet, a buɗe ga duniya, ya kuma sa kalmar sirrin kowace waya daidai da lambarta. Daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin ɓarayi suka yi ta kiran ƙasashen waje da layinmu, har kuɗin da muka zuba na wata uku ya ƙare ƙarƙaf. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Don haka kafin ka biya mai haɗawa, ya nuna maka da idonka cewa ya kunna Fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan gwada kalmar sirri ba daidai ba, ya rufe kiran waje ga wanda ba ya buƙata, ya kuma miƙa maka kalmar sirrin shugaba a hannunka.

Akwai masu sayar maka da "lasisin" manhajar da kyauta ce. Akwai wayoyin tebur na Yealink da Grandstream da aka riga aka yi amfani da su, da ke kulle da wani kamfanin waje, ko ka saita su sai su koma yadda suke. Gwada kowace ɗaya a shagon. Wanda ya kawo maka akwatin cusa layukan SIM don shigo da kiran waje da araha, sallame shi, hukumar NCC ta haramta wannan. Nemi layin SIP, wato layin waya da ke zuwa ta intanet, wurin kamfani mai lasisi.

Sai wuta. Wayoyin daga igiyar sadarwa suke shan wuta idan ka sayi suwic (akwatin da ake jona igiyoyin) mai PoE, wato mai tura wuta ta igiyar, saboda haka ka ɗora shi da kwamfutar da na'urar intanet kan inbata ɗaya. Kowane kira na cin kusan kilobit 90 a daƙiƙa, ka lissafa kira nawa za a yi a lokaci guda kafin ka zaɓi layin intanet.