Ajin Turanci na yamma a Titin Bauchi: ra'ayina kan darasin lokutan aikatau

A wani bene da ke kan Titin Bauchi a Jos akwai ƙaramar cibiya da ke koyar da manya Turanci bayan sallar La'asar, kuma yawancin ɗalibanta 'yan kasuwar Taminus ne da ma'aikata da matasan da ke shirin sake zama jarrabawar WAEC ko NECO, tunda sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a jami'a. Na halarci zangon da aka ware wa lokutan aikatau, kuma a ganina kuɗin da na biya bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin yakan fara daga Hausa kafin ya shiga ƙa'idar Turanci. Ya rubuta "I have seen him yesterday" a kan allo, ya tambayi wanda ya ga aibi a jimlar, amma kusan kowa ya yi shiru. Sai ya bayyana cewa Bahaushe yakan ce "na gan shi" ko jiya abin ya faru ko yanzun nan, alhali Turanci ya raba su biyu: muddin aka ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, kamar jiya ko makon jiya ko shekarar 2019, to "I saw him" ne daidai, yayin da "I have seen him" ke zuwa inda ba a faɗi lokaci ba, ko kuma lokacin bai ƙare ba tukuna. Haka ya warware "I am living in Jos since 2015", wadda ta samo asali daga "ina zaune a Jos tun 2015", ya mayar da ita "I have lived in Jos since 2015".

Wani dattijo mai sayar da atamfa ya miƙa wayarsa ya ce, "Malam, duba saƙon da na aika wa abokin cinikina na Legas." Malamin ya ce, "To, Alhaji, mu gyara shi tare," ya kwafe saƙon a allo, ajin ya yi ta gyara jimla bayan jimla. Irin wannan aiki da rubutun mutum na kansa ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da misalan littafi.

Sai dai akwai gyara. Ɗalibai sun yi wa ɗakin yawa, kuma da zarar an ɗauke wuta aka tayar da janareta, na benci na baya ba sa jin komai. An kuma bi ta kan kuskuren faɗin "did you went" maimakon "did you go" cikin gaggawa, duk da yawansa a bakin mutane, sannan aka raba mana takardar aikatau irin su go, went, gone domin hadda, ba tare da an sa mu yin magana da su ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ɗan kasuwa da baki yake ciniki.

Ajin ya dace da mai son gyara wasiƙa da saƙon kasuwanci, amma mai shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci ta ƙasa da ƙasa wadda ke da sashen magana, zai buƙaci ƙarin horo a wani wurin.