Daga Ingila: motar tsere ta 1933 da har yau take tashi

Jama'ar gida, musamman makanikai, wannan labarin naku ne. A garin Weybridge, kudu maso yammacin Landan, akwai gidan tarihi na Brooklands, a kan tsohon filin tseren mota da aka buɗe a 1907. Can aka ajiye Napier-Railton, wadda Reid Railton ya tsara wa direba John Cobb, aka ƙera ta a 1933. Injin jirgin sama aka ɗora mata, Napier Lion, silinda 12 a jeri uku, girmansa lita 24. A 1935 ta zagaye filin da gudun mil 143.44 a awa, wajen kilomita 230, kuma har aka daina tsere a wurin a 1939 ba motar da ta kamo ta.

Abin mamaki, giyarta uku kacal, birki a tayoyin baya kawai, kik kuwa babu: sai an tura. Bayan yaƙin duniya na biyu an yi amfani da ita wajen gwajin lemar tsayar da jirgi. Gidan tarihin ya saye ta a 1997.

To yaya ake riƙe irin waɗannan motoci? A gida in abu ya lalace sai a nufi Ƙofar Ruwa a nemo na Baljiyam. Waɗannan kuwa ba kasuwar da ke da kayansu, ƙerawa ake yi. Boris ɗin karanshaf na tsofaffin injina farin ƙarfe ne mai laushi: a narkar da tsohon, a zuba sabo, a sassaƙe shi a inji, sannan a shafa shuɗin fenti a juya, duk inda ya kama a kankare da hannu. In ya matse, mai ba zai ratsa ba, ya ɗau zafi ya narke. In ya yi sako-sako, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Maganeto, mai ba fulogi wuta ba da batir ba, tsufa ke cinye rufin wayarsa. Alamarsa mota ta tashi da sanyi, in ta yi zafi ta ƙi. Maganinsa sake naɗi.

Fetur ma matsala ne. Tun Satumbar 2021 man da aka fi sayarwa nan E10 ne, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari. Yana cin tsohon tiyo, yana jawo ruwa cikin tanki, tsatsa ta toshe kabureta. Shi ya sa masu tsofaffin motoci ke sayen E5, wanda etanol ɗinsa bai wuce kashi 5 ba, duk da tsadarsa, su kuma tsiyaye kabureta in motar za ta daɗe a ajiye. Mu ƙura ke damunmu, su danshi.

Gwamnati na sauƙaƙa musu: motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Amma kuɗin aikin bakanike da awa ake lissafawa, kuma da zafi.

A gaskiya, hannun masu walda da juyin ƙarfe na Panteka a Kaduna bai gaza na nan ba. Inda suka fi mu shi ne rubutu: kowane gyara da kwanan watansa da awonsa, tsohon ƙarfen da aka cire ma a liƙa masa lamba a adana, ba a auna wa 'yan gwangwan a kilo ba.