Ejan ɗin da ya nema mana izinin dakon shara: sun san aiki, amma ba sa ɗaga waya

Jirginmu yashi da tsakuwa ya saba ɗauka. Bana muka samu kwangilar dakon shara daga tasha zuwa tasha a gaɓar teku, sai na ɗauki wani kamfanin ejan ya nema mana izini.

Ranar farko na zube musu abin da nake taƙama da shi, wato littafin rajistar shara da tsarin sarrafa ta, waɗanda rataye na biyar na MARPOL, yarjejeniyar duniya ta hana jiragen ruwa gurɓata teku, ya tanada. Matar da aka ba fayil ɗinmu ta duba, ta ce, "Malam, ai wannan na sharar da jirgin ke tarawa da kansa ne, ragowar abinci da robobin ma'aikata. Wadda za ku ɗauka a matsayin kaya izininta daban." Kunya ta kama ni, amma wannan maganar kaɗai ta biya kuɗin da na ba su.

Daga nan ta tsare ni da tambayoyi. Wace irin shara, ta gidaje ko ta masana'anta? Ina ake lodi, ina ake saukewa? Da me ake rufe ta kada iska ta kwashe ta zuwa ruwa? Har hoton ragar da muke shimfiɗawa tsakanin jirgi da bakin tasha sai da ta nema. Ta kuma ja kunnena cewa duk ranar da shara mai haɗari za ta ƙetare iyaka, yarjejeniyar Basel ta 1989 ta shigo, kuma jirgi ba ya motsawa sai ƙasar da za ta karɓa ta amince a rubuce. Wanda ya tuna dafin da aka sauke daga jirgin Probo Koala aka watsa a Abidjan a 2006 ba zai ce an tsananta ba.

Inda suka ɓata min rai shi ne waya. Ka kira sau biyar, shiru, sai washegari a turo saƙo mai layi ɗaya. Sannan wani yaronsu ya juya lambobi biyu a lambar rajistar jirgin, aka dawo da takardun, muka yi mako biyu a ɗaure muna biyan ma'aikata. Sun gyara ba su ƙara caji ba, amma ko haƙuri ba wanda ya ba ni.

Idan lokacin sabuntawa ya zo wurinsu zan koma, sai dai kowace takarda zan karanta ta da idona kafin ta fita.