Asibitin dabbobin da na kai kyanwarmu bayan ta yi sati shida tana zawo

Zabuwa sunan kyanwarmu. 'Yata ce ta raɗa mata shi saboda ɗige-ɗigen baƙi da fari da ke jikinta. Tun tana 'yar mitsitsiya muka tsince ta a gindin katanga a Badariya, nan Birnin Kebbi, ta girma ta raba mu da ɓerayen da suka addabi ɗakin ajiyar hatsi. Surukata ba ta taɓa kiranta da suna ba, "mussa" kawai take ce mata, amma ita ce kan gaba wajen jefa mata kan kifi. Shekara biyu ba ta taɓa ciwon da ya tayar mana da hankali ba, sai bazarar bara.

A tsakiyar Maris zawon ya fara. Muka ce wani abu ta ci a bola, zai wuce. Ya tsaya kwana uku, sati ya zagayo ya dawo. Daga nan ya zama ɗan gida, yau kashin ya ɗan yi kauri, gobe ya tsinke kamar kunu, ga wari mai hawa kai. Ta daina kai wa bahon yashinta, sai a tsince shi a kan tabarma ko bayan ƙofa. Ranar da ta ɓata dardumar sallah, maigida ya ce ko dai a yi mata magani ko a kai ta bayan gari a saki.

Kafin in yabi kowa, bari in faɗi ɓarnar da na yi da hannuna. Na aiki yaro kemis ya sayo Flagyl na ruwa irin na yara, na ɗura mata da cokali. Ba ta haɗiye ko rabi ba, bakinta ya cika da kumfa, ta shige ƙarƙashin gado ta wuni. Da na ga tana ramewa sai na fara dama mata madarar gari safe da yamma don ta murmure. Yaron kemis ɗin ya haɗo har da farasitamol, wai ko zazzaɓi ne. Allah ya taimake ni ta ƙi buɗe baki na haƙura.

Wata abokiyar aikina ce, wadda mijinta ke kiwon raguna, ta kwatanta min wani asibitin dabbobi. Na sa Zabuwa a kwandon wanki, na rufe da tsohon zane na ɗaure, muka hau keke da hantsi. Lokacin Afrilu ya kusa ƙarewa, zafin garin nan ya wuce digiri 40, tana ciki tana haki.

Abin da na fara ƙi da wurin shi ne jira. Babu layi, babu kati mai lamba, wanda ya fi iya kutsawa shi ke gaba. Ƙarƙashin dogon yaro an ɗaɗɗaure tumaki da awaki, ga wani bijimi a bayan mota, ga mai kaji ya zo da matattu biyu a leda. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce mai kwando. Wani dattijo ya leƙa ya ga abin da ke ciki, ya kwashe da dariya ya ce, "Hajiya, mussa ta kika kawo ma likita? Lalle duniya ta ci gaba." Na yi kusan awa biyu. Babu wani keɓantaccen wuri na ƙananan dabbobi, kare yana haushi a gefe, kyanwata ta dunƙule tana kyarma. In da za su ware ko da benci ɗaya ne a inuwa nesa da karnuka, da sun kyauta.

Amma da na shiga, haushin ya ragu. Likitan matashi ne, bai yi dariya ba, bai kuma yi gaggawar zaro allura ba. Kusan minti goma sha biyar yana tambayata kafin ya taɓa ta. Sau nawa take yi a rana? Da yawa take zubarwa ko kaɗan-kaɗan? Tana yunƙuri? Akwai majina ko jini, in akwai jinin ja ne ko baƙi? Tana amai? Me ta ci jiya, me ta ci shekaranjiya, a ina take shan ruwa? Na ji kunya, domin rabin tambayoyin ban taɓa lura ba, kwashewa kawai nake yi ina toshe hanci. Ya yi min bayanin dalilin tambayar: in matsalar a ƙaramin hanji take, kashin kan zo da yawa, ruwa-ruwa, dabbar ta riƙa ramewa; in a babban hanji ne, sai ta riƙa zuwa a kai a kai tana yunƙuri, da majina, wani lokaci da ɗigon jan jini. Na Zabuwa ya fi kama da na farko.

Sannan ya duba ta. Ya kama fatar bayan wuyanta ya ɗaga ya saki, fatar ta yi jinkirin komawa, ta tsaya kamar an naɗe tsumma. Ya ɗaga leɓenta ya taɓa dasashin, ya ce in taɓa in ji: ya bushe, yana ɗan manne wa yatsa. Ruwan jikinta ya ragu ke nan. Zafin jikinta 38.7, ya ce lafiyayyar kyanwa tana tsakanin 38 da 39 da 'yan kai, saboda haka babu zazzaɓi. Sikelinsu na manyan dabbobi ne, sai da ya hau na mutane riƙe da ita, ya sauke ta ya sake hawa, aka cire. Kilo 2.6. Ya shafa gashinta a kan farar takarda, wasu baƙaƙen ɓurɓushi suka zubo, ya ɗiga musu ruwa suka koma ja. Kashin ƙuma ne, jinin da suka sha. Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura kamar ƙwan kaza, kafin dare ya baje.

Da na lissafa masa abin da na ba ta, ya ajiye biro. "Hajiya, farasitamol ɗin nan ta haɗiya?" Na ce a'a. Ya ce in gode wa Allah, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Flagyl kuwa ana ba kyanwa, amma da awo daidai nauyinta, in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa har ta riƙa tangaɗi, kumfar da na gani kuma ɗacinsa ne. Da na zo kan madara sai ya yi murmushi, ya ce yawancin kyanwoyi in sun girma cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, shi ke jawo ruwa cikin hanji. Wato sati uku ina zuba wa wuta fetur da sunan jinya.

Bai ba ni maganin tsayar da zawo ba, kuma a ranar na ji haushin haka. Ya miƙo min 'yar roba mai murfi, ya ce in kawo sabon kashinta da safe, wanda bai wuce 'yan awoyi ba, kada ya cakuɗe da yashi. Washegari na kai. Ya dama shi a wani ruwa, ya bari ya ɗan jima, ya ɗora gilashi a madubin awo, sannan ya ce in leƙa. Abin da na gani ƙulle-ƙulle ne masu zagaye, ruwan ƙasa, bayansu da kauri da kaushi, kamar ƙosan da ya soyu sosai. Ƙwan tsutsar ciki ne, irin doguwar nan fara mai kama da taliya. Ya ce yana kuma zargin wata ƙwayar cuta da ake kira jiyadiya, wadda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, sai dai ba kullum take fitowa a kashi ba, awo ɗaya yana iya kuskure ta. Na tuna Zabuwa ba ta da wurin shan ruwa da ya wuce bakin rariyar wanke-wanke. Wannan leƙawar da na yi ita ce ta sa na yarda da duk abin da ya faɗa daga baya. Kuɗin awon ma bai kai abin da na zubar a kemis da madara ba.

Ya rubuta maganin tsutsa mai suna fenbendazole, wanda ya ce yana kama tsutsar da jiyadiyar gaba ɗaya: miligiram 50 ga kowane kilo, sau ɗaya a rana, kwana 5. A nauyinta ya kama mililita 1.3 na ruwan maganin, ya ja layi da biro a jikin sirinji don kada in wuce. Sai a maimaita bayan sati 2 zuwa 3, saboda ƙananan tsutsotsin da ba su gama girma ba. Ya ƙara da praziquantel saboda ƙumar, domin ta hanyar haɗiye ƙuma ne kyanwa ke samun tsutsar nan mai faɗi da ke fita gutsi-gutsi kamar ƙwayar shinkafa.

Nan ne ƙorafina na biyu. Ba su da fenbendazole ɗin. Na zaga shagunan maganin dabbobi uku, kowa albendazole na tumaki yake miƙo min, yana cewa ai duk ɗaya ne. Na kira likita, ya ce kada in kuskura, albendazole yana iya lalata ɓargon kyanwa. Sai da wani direba ya taho min da shi daga Sakkwato bayan kwana biyu. Asibitin da ke karɓar kyanwa ya kamata ya ajiye maganin kyanwa. Haka ma ba su ba ni komai a rubuce ba in ban da sunan magani; duk sauran bayanin da baki ne, da ban rubuta a bayan wata takarda ba da rabi ya zube a hanya.

Aikin da ya fi wuya ba na asibiti ba ne, na gida ne, kuma kan abinci ne. Ya hana in bar ta da yunwa don ciki ya huta, ya ce kyanwa in ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse yana taruwa a hantarta, ciwon ya fi zawon muni. Ya ce dafaffiyar kaza, ba gishiri, ba magi, ba mai, da 'yar shinkafa mai laushi, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Ba miya ko ɗigo, domin albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kyanwa, mu kuwa wace miya muke yi ba albasa? Ba ɗanyen kayan cikin kifi. Ruwan sha mai tsabta a kwanonta, a wanke kullum. Yashin baho a zubar kullum, a ƙona bahon da tafasasshen ruwa, a goge mata gindi da bayan cinya, saboda tana lasar jikinta ta sake haɗiye abin da ta fitar. Yara su wanke hannu in sun taɓa ta, kada su yi wasa inda take kashi, domin ƙwan tsutsar nan yana shiga mutum. Mai ciki kuma kada ta kwashe kashin kyanwa. Don ƙumar ya ce kada in fesa mata maganin ƙwari na gida ko na karnuka, akwai masu sinadarin permethrin da ke sa kyanwa farfaɗiya.

Maigida ya ce tun da yake bai taɓa ganin an dafa wa kyanwa kaza mutane na cin miyar kuka ba. Gaskiyarsa. Ƙirjin kaza ɗaya nake yankawa gida-gida in sa a firji, in wuta ta ɗauke in shiga zullumi.

A kwana na huɗu kashin ya fara haɗuwa. A na takwas na ga ta tona yashi ta yi ta binne, abin da ta daina tun Maris. Sai ga shi a kwana na goma sha biyu ya sake tsinkewa. Na tura wa likita hoto ta WhatsApp, bai amsa ba sai washegari da yamma, wanda ga mai kyanwar da ke ɓata tabarma jira ne mai tsawo. Da ya kira, bai ce in sayi komai ba, tambaya ɗaya ya yi: wa ya ba ta wani abu? Na bi gida da bincike. Surukata ce. Ta ga mussa ta rame, ta zuba mata nono a murfin kwano. Na ce, "Inna, likita fa ya hana." Ta ce, "Tun da nike ban taɓa jin nono ya kashe mussa ba." Ban ja ba. Na roƙe ta ta bar min sati biyu kacal, in bai yi ba ta ci gaba. Na manna takarda a ƙofar kicin ina rubuta abin da Zabuwa ta ci da yadda kashin ya fito. Kwana biyu da janye nonon komai ya daidaita, Inna ba ta ce komai ba, amma ba ta sake ba.

Kaza da shinkafa ba abincin dindindin ba ne, ya gaya min tun farko, ba su ƙunshi duk abin da jikinta ke bukata ba. Bayan sati biyu na sayo busasshen abincin kyanwa na leda a wani babban kanti, da tsadarsa, na riƙa cakuɗa shi kaɗan-kaɗan, kwata, rabi, har ya koma shi ne mafi yawa a cikin kwana goma. Sauya abinci farat ɗaya shi kansa yana kawo zawo. Ya ce da duk wannan bai yi ba, mataki na gaba awon jini ne da hoton ciki, kuma sai dai ya tura ni asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, domin su ba su da kayan. Na ji daɗin da ya faɗi iyakarsa bai riƙe ni yana ta canza min allura ba.

In kyanwarki ta wuce sati biyu tana zawo, ina ba ki shawarar zuwa, da sharaɗin ki je da sassafe, ki tafi da sabon kashinta a roba tun zuwan farko don ki huta da dawowa, ki riƙe biro da takarda, kuma ki sa a ranki za ki nemo magani a waje. In kuwa jaririya ce, ko kashin ya yi baƙi kamar kwalta, ko tana amai ba ƙaƙƙautawa, ko ta wuni ta kwana ba ta ci ba, kada ki jira sati biyun.

Da muka koma a ƙarshen Yuni don rigakafin ciwon haukan kare, likita ya sake hawa sikeli da ita, kilo 3.3. Awon kashi bai nuna ƙwai ba. Ya rubuta min ranar maganin tsutsa na gaba, bayan wata uku. Dattijon nan da ya yi min dariya yana ƙarƙashin dogon yaro, ya gane kwandon, ya tambaye ni ya mai jiki.